An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yadda Ake Kutse A Akawun Ɗin Mutane, Da Wanda Ake Ɗora Wa Laifin

Kwanakin baya wani abokina ya kira ni cikin dare, muryarsa duk ta canza, wai an ƙwace masa WhatsApp. Yadda abin ya faru kuwa, wani ne ya kira shi ya ambaci cikakken sunansa, ya ambaci sunan wani guruf da yake ciki, ya ce za a yi mitin ta intanet da yamma kuma an turo wa kowa lambar shiga, don haka ya duba saƙonninsa ya karanto masa a saka shi a jerin mahalarta. Ya duba, ga lamba shida ta shigo kuwa, ya karanto. Kafin ya ajiye wayar an fitar da shi daga akawun ɗinsa, kafin awa ɗaya kuma an bi mutanen da ke guruf-guruf ɗinsa da saƙo da sunansa wai yana cikin matsala a ranta masa kuɗi, har daga ƙarshe mutum biyu suka tura. Amma maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce wadda ya yi ta maimaitawa, "don Allah kar ka gaya wa kowa, za a ce ni sakarai ne." Sai daga baya ya yarda in ba da labarin ba tare da na kama suna ba.

Mutumin nan fa mai ilimi ne, mai natsuwa, ba irin wanda kwaɗayi ke ja ba, ba a yi masa alƙawarin ko sisi ba. Shi ya sa na ga ya dace a zauna a warware wannan lamari dalla-dalla, domin yadda muke kallon kutse akwai gyara a ciki, kullum wanda aka zalunta ne ke kwana da kunya, shi kuwa wanda ya gina ƙofar da ke buɗuwa da lamba shida, da wanda ya tara bayanan mutane ya kasa tsare su, ba kasafai ake ɗaga musu yatsa ba.

Bari mu fara da lambar nan. WhatsApp bai san fuskarka ba, bai san muryarka ba, lambar wayarka kawai ya sani. Duk wanda ya sauke manhajar a sabuwar waya ya rubuta lambarka, to kamfanin zai tura lamba shida ta tes zuwa layinka don ya tabbatar kai ne, kuma duk wanda ya shigar da ita to a wurinsu shi ne kai, magana ta ƙare. Wato kafin ɓarawon ya kira abokina ya riga ya rubuta lambarsa a tasa wayar, abin da ya rage masa kawai a karanto masa abin da ya shigo, shi ya sa ya ƙirƙiri labarin mitin. Sunansa da sunan guruf ɗin kuma daga ina? Mafi yawanci daga wani ɗan guruf ɗin da aka riga aka ƙwace nasa akawun ɗin, haka abin ke tafiya kamar sarƙa, kowane akawun da aka sace shi ne tsanin hawa na gaba. Irin wannan lambar ce bankuna da Facebook da Google da sauransu ke turowa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce a ko'ina, kai kaɗai aka turo wa, ba wani ma'aikaci na gaskiya da zai ce ka karanto masa.

Galibinmu idan aka ce ɗan kutse hoton da ke zuwa mana shi ne wani gwani a ɗaki mai duhu yana ta danne-danne har ya fasa kwamfuta. Akwai irinsu, amma mafi yawan ɓarnar da ake yi ta bakin mutum take bi. A watan Yulin 2020 an wayi gari akawun ɗin Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk duk suna cewa a turo bitkoyin, wato kuɗin intanet, za a ninka wa mutum. Akawun 130 aka nufa, aka tara sama da dala dubu 100 cikin 'yan awoyi. Da aka bincika sai aka ga ma'aikatan kamfanin aka kira a waya, aka yi musu shigar abokan aikinsu na sashen kwamfuta, aka kai su wani shafin bogi suka rubuta bayanan shigarsu, kuma jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida. Kafin nan a watan Maris na 2016 an tura wa John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, imel mai kama da na Google wai wani ya samu kalmar sirrinsa ya yi maza ya canza. Mutanensa ma sun yi abin da ake cewa a yi, sun tura wa ma'aikacinsu na kwamfuta ya duba, shi kuma ya amsa cewa saƙon sahihi ne, daga baya ya ce kuskuren rubutu ya yi. Dubban imel ɗinsa suka fito duniya ana dab da zaɓe.

Na baya-bayan nan ma ya fi tayar da hankali. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a ofishinsu na Hong Kong ya samu saƙo wai daga shugaban sashen kuɗi ana so a tura wasu kuɗaɗe a asirce, ya yi shakka, sai aka gayyace shi mitin na bidiyo, ya shiga ya ga shugaban da wasu abokan aikinsa da ya sani, da fuskokinsu da muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani ɗin nan na bogi ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. To don Allah wannan mutumin me ya rage bai yi ba? Ya yi shakka, ya nemi gani da ido, ya gani.

Abin da ya haɗa waɗannan duka da labarin abokina shi ne ba a ba mutum lokacin tunani. Ana zuwa maka da sunan wanda kake jin nauyinsa, ko banki, ko shugabanka a wurin aiki, ko ɗan'uwa da ke cikin damuwa, sannan a ɗora maka gaggawa, yanzu-yanzu ko a rufe akawun, yanzu-yanzu ko mitin ya wuce ka. Kuma su aikinsu ke nan safe da yamma, suna gwadawa a kan mutum dubu su ga wace magana ce ta fi ci su gyara ta, kai kuwa kana tsakiyar hidimarka ne, ga gajiya ga yara na kuka ga tunanin gobe. Sau ɗaya kawai suke buƙata ka yi sakaci na minti ɗaya. Wallahi duk wanda ya ce shi ba za a taɓa iya kama shi ba, ranarsa ce ba ta zo ba.

Sai maganar kalmar sirri, faswod ɗin nan da ke ba kowa ciwon kai, a nan zan ɗan daɗe domin a nan ne aka fi yi wa mutane rashin adalci. Kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Yana bi da ita ta wani lissafi ne ta koma wasu haruffa da lambobi masu tsawo, abin ya yi kama da zanen yatsa, idan ka dawo ka rubuta kalmar sai a sake lissafin a gwada a ga ko ya yi daidai, amma daga zanen ba a iya komawa baya kai tsaye a gano kalmar. Akwai kuma wani ƙari da masana ke kira gishiri, wato a haɗa wa kalmar kowane mutum wasu haruffa na daban kafin lissafin, ta yadda ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya zanensu ba zai zo ɗaya ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun shekarun 1970 aka san shi. Amma a 2009 da aka kutsa wani kamfani mai suna RockYou sai aka tarar kalmomin sirri miliyan 32 a ajiye tsirara yadda mutane suka rubuta su, kuma wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. Wannan jerin har gobe da shi ake gwajin fasa kalmomi, domin ya nuna wa duniya yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ke zaɓe, sunan masoyi, shekarar haihuwa, ƙungiyar ƙwallo, a ƙara lamba ɗaya a ƙarshe.

LinkedIn kuma a 2012 sun yi lissafin amma ba su sa gishirin ba. Da farko aka ce kalmomi miliyan 6.5 ne suka fita, sai a 2016 aka ga ana tallar na mutum miliyan 117 a kasuwar bayan fage. To ga inda abin ke shafarka ko da ba ka damu da wancan shafin ba. Ɓarawo idan ya samu imel ɗinka da kalmarka daga wuri ɗaya, sai ya ba wata manhaja ta yi ta gwada su a sauran wurare, Facebook, Instagram, imel, banki, shafin sayayya, miliyoyin gwaji ba tare da ya ɗaga hannu ba, duk inda ka maimaita kalmar nan ƙofa ta buɗe. Shi kansa Mark Zuckerberg a 2016 an shiga akawun ɗinsa na Twitter da Pinterest, waɗanda suka yi kutsen suka ce a tarin LinkedIn suka samo kalmarsa. Idan mai Facebook ya maimaita kalmar sirri, ina ga talaka mai akawun talatin ko hamsin?

Dokokin nan da aka daɗe ana azabtar da mu da su kuwa, sai ka sa babban harafi da ƙarami da lamba da wata alama, kuma ka canza duk bayan wata uku, asalinsu wata takarda ce da wani ma'aikacin hukumar NIST da ke tsara ma'aunan fasaha a Amurka mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. A 2017 shi da kansa ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta, kuma a shekarar hukumar ta sauya shawararta, ta ce tsawon kalma ya fi tarkacen alamomi amfani, kuma a daina tilasta canji sai in akwai alamar an sace ta. Dalili kuwa, da aka matsa wa mutane sai suka koma dabara, wanda kalmarsa ke ƙarewa da 1 sai ya mayar 2, wata uku ya mayar 3, kuma ɓarayi sun san haka sarai. Shekara goma sha huɗu ana ɗora wa mutane kayan da ƙwaƙwalwa ba za ta iya ɗauka ba, in sun kasa a ce sakacinsu ne, kuma har yau akwai wuraren da ba su daina ba.

Misalin da ya fi ƙona min rai shi ne na 23andMe, kamfanin da mutane ke tura wa yawunsu a gwada ƙwayoyin halittarsu a gaya musu asalinsu da danginsu. A 2023 an shiga akawun kimanin dubu 14 ta hanyar gwada tsoffin kalmomin da aka sato daga wasu wurare, amma saboda tsarin da ke haɗa mutum da danginsa, ta waɗannan 'yan dubban aka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9. Da aka kai su ƙara sai lauyoyinsu suka rubuta cewa masu amfani ne suka yi sakaci suka maimaita kalmomin sirri. To mu ɗauka dubu 14 ɗin sun yi sakaci, sauran miliyoyin fa, me suka yi? Kuma matakin tsaro na biyu, wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri kamar lambar da ake turo wa mutum, wanda zai tare yawancin wannan harin, sai bayan ɓarnar kamfanin ya wajabta shi, ihu bayan hari. Kalmar sirri in an sace kana iya canzawa, ƙwayar halittarka da sunayen danginka kuwa da su za ka mutu. Kamfanin dai a Maris na 2025 ya shigar da takardar karyewa.

Haka Colonial Pipeline a watan Mayun 2021, bututun da ke kai kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin Amurka ke sha. Kalmar sirri ɗaya ta wani tsohon akawun da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma babu mataki na biyu a kansa, da ita aka shiga aka saka musu manhajar da ke kulle bayanai sai an biya kuɗin fansa. Bututu ya tsaya kwanaki, layuka suka cika gidajen mai, kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 4.4. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan masu gidan ne suka bar tsagar, waɗanda suka kwana a layin mai ba su san ma da bangon ba.

Wani ɓangaren kuma shi ne afdet, sabuntawar nan da waya ko kwamfuta ke ta damunka da ita kana danna "sai anjima". Kowace manhaja mutane ne suka rubuta ta, layi miliyoyi, dole a samu kurakurai, wasu kurakuran kuma ƙofa ce. Idan aka gano sai a fitar da faci, kuma daga ranar da facin ya fito kowa ya san inda ramin yake har da ɓarayi, daga nan tsere ne tsakanin mai liƙewa da mai shiga. A Maris na 2017 Microsoft ya fitar da facin wani rami a Windows, ramin da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta daɗe da sani tana amfani da shi a ɓoye har aka sace mata makamin aka watsa a intanet. Ran 12 ga Mayu sai wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry da ke bi ta wannan ramin ta ɓarke, kwamfuta sama da dubu 200 a ƙasashe 150, a Ingila asibitocin gwamnati suka rikice aka soke ganin likita da tiyata kusan dubu 19. Wani matashi ɗan shekara 22 mai suna Marcus Hutchins ne ya lura cutar tana neman wani adireshin intanet da ba kowa a kansa, ya yi rajistarsa, yaɗuwar ta tsaya. A wannan shekarar dai Equifax, kamfanin da ke tara tarihin bashin Amurkawa, ya bar wani ramin da facinsa ya fito tun Maris, ɓarayi suka shiga a tsakiyar Mayu suka yi ta kwasa har ƙarshen Yuli ba wanda ya lura, bayanan mutum miliyan 147, ba a sanar da jama'a ba sai Satumba. Yawancin mutanen nan ba su taɓa buɗe akawun a Equifax ba, bankuna ne ke tura bayanansu can ba tare da an tambaye su ba. A 2019 aka yi sulhu kan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 700, ka raba da yawan mutanen ka gani, bai kai dala biyar a kan kowane mutum ba. Yahoo kuwa an yi musu kutse a 2013, ba a ji ba sai ƙarshen 2016, sai a 2017 suka ce ashe duka akawun biliyan 3 ne abin ya shafa.

Na san akwai masu cewa su ba su da abin ɓoyewa, wanda zai shiga ya shiga. Ina roƙon mai wannan ra'ayin ya dubi abin da ya faru a Finland a 2020. Wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna Vastaamo ta ajiye bayanan zaman da marasa lafiya ke yi da likitocinsu ba tare da an kulle su da lissafin sirri ba, aka sace na mutum kimanin dubu 33. Da cibiyar ta ƙi biya sai ɓarawon ya koma kan marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu imel, ka biya yuro 200 cikin awa 24 ko in watsa abin da ka gaya wa likitanka. Mutanen da suka je neman sauƙi daga baƙin ciki da fyaɗe da rikicin aure, abin da ba su iya gaya wa iyayensu ba, shi aka riƙe musu a wuya. An kama shi, a 2024 aka yanke masa shekara shida da wata uku, amma bayanan sun riga sun fita kuma ba sa dawowa. Waɗannan ba laifi suke ɓoyewa ba, mutuncinsu ne. Kuma ko kai da gaske ba ka da komai, a wayarka akwai hoton matar wani da sirrin abokinka da muryar mahaifiyarka, akwai kuma amanar da mutane suka ba sunanka, wadda ita ce aka sayar a labarin abokina.

Doka ta fara motsi amma a hankali. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar GDPR ran 25 ga Mayun 2018, wadda ta ce in an yi wa kamfani kutse ya sanar da hukuma cikin awa 72, kuma tara na iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a duniya baki ɗaya. A 2023 an ci Meta, kamfanin da ke da Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 a ƙarƙashinta. A ganina abin da ya fi tarar muhimmanci shi ne ƙa'idar da ke ciki cewa kar ka tara abin da ba ka buƙata, domin abin da ba a tara ba ba a sace shi. Me zai sa manhajar tocila ta nemi jerin lambobin wayata da inda nake?

Akwai wani gefen da ba a cika magana a kai ba, wato waye ma a ɗaya ɓangaren wayar. Wani lokacin azzalumi ne da ya zaɓi wannan hanya. Amma a watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum dubu 120 a Myanmar da kimanin dubu 100 a Kambodiya ana tsare da su a wasu gine-gine ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, yawancinsu da tallar aikin bogi aka yaudare su suka je, aka ƙwace musu fasfo, wanda bai kawo kuɗi ba a doke shi. Wato saƙon soyayya ko na saka jari da ya shigo maka, mai yiwuwa wanda ya rubuta shi ma kamamme ne. Rashin aiki da talauci suna ciyar da wannan sana'a ta baki biyu.

Duk wannan ba yana nufin mu naɗe hannu ba, ana korar kura ana tsare akuya. Abin da nake gaya wa na kusa da ni shi ne su fara da imel, domin shi ne uwar makullai, duk inda ka manta kalma can ake turo maka hanyar canzawa, wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe sauran. A ba shi kalma doguwa wadda ba a amfani da ita ko'ina, kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna sun fi gajeriya mai tarkace ƙarfi kuma sun fi sauƙin tunawa. Sauran kuma a bar wa manhajar ajiye kalmomin sirri, akwai ta a cikin wayoyin Android da iPhone kyauta, in kuma mutum bai yarda da ita ba to ko littafi ne a rubuta a adana a gida, ya fi maimaita kalma ɗaya a wuri ashirin nesa ba kusa ba. Sannan a kunna mataki na biyu duk inda ake da shi. Na tes ya fi babu, sai dai yana da rauni domin ana iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layinka kan wani sim, haka aka yi wa Jack Dorsey a Agustan 2019 lokacin yana shugaban Twitter, don haka manhajar da ke fitar da lamba a cikin wayarka ta fi. Tun 2022 kuma Apple da Google da Microsoft suka haɗu kan sabon tsarin shiga da yatsa ko fuska ba tare da kalma ba, wanda alherinsa shi ne makullin ba ya aiki a shafin bogi, kuma babu abin da za a ce ka karanto. Irin gyaran da nake so ke nan, wanda ya sauke kayan daga kan mutum. Mai son ya san ko imel ɗinsa ya taɓa fita a wani kutse yana iya dubawa a shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt ɗan Ostireliya ya buɗe a 2013.

In kuma kira ko saƙo ya zo da gaggawa, ko da muryar wanda ka sani ce, ka katse ka kira shi da kanka ta lambar da kake da ita tun da. Minti biyu ne.

Shi dai abokina mun sake saka lambarsa a wayarsa a daren, sabuwar lamba shida ta shigo muka shigar, hakan ya fitar da ɓarawon nan take, amma da yake ɓarawon ya riga ya saka tasa lambar sirri ta mataki na biyu sai da muka jira kwana bakwai kafin akawun ɗin ya buɗu. Abin da ya fi wuya shi ne shawo kansa ya sanar da mutane, sai da muka kai kusan awa ɗaya muna ja, kuma a cikin awar nan ne mutum na biyu ya tura kuɗin. Da ya daure ya kira wasu 'yan guruf ɗin suka sanar, sai ga mutum uku sun ce su ma an kira su da labarin mitin ɗin a makon, ɗaya ma ashe an ƙwace nasa kwana huɗu kafin nan, ya karɓo abinsa a ɓoye bai gaya wa kowa ba.